Peyaj na na'ura da sirrin direba: tambayoyin masu mota daga Gaundare zuwa Kusiri

Duk wanda ya saba bin hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gaundare ya gangaro Garwa, ya wuce Figil da Marwa har Kusiri, ya san yadda peyaj, wato shingen biyan kuɗin hanya, yake. Ka rage gudu, ka sauke gilashi, ka miƙa dala ɗari, wato sefa 500, a yago maka ɗan tikiti, a janye shinge, ka taka mota. Ba mai tambayar sunanka, ba mai rubuta lambarka. Tun 1993 ake haka a Kamaru.

Na yi shekaru ina rubuta takardun lodi a tashar manyan motoci a Garwa. Shi ya sa da maganar peyaj na na'ura ta taso, direbobi da masu mota suka riƙa tare ni da tambaya, wani a wurin mai shayi, wani ta waya. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, da abin da nake amsawa.

Malam, wai mene ne peyaj na na'urar nan?

Shinge ne da ke karɓar kuɗi ba tare da kuɗin ya shiga tafin hannun mutum ba. Akwai mai kati, ka ɗora katin a jikin na'ura shinge ya ɗaga. Akwai mai ɗan abin da ake mannawa a gilashin gaba, wanda masu Faransanci ke ce wa baj. Kana matsowa wata eriya da ke sama ta karanta shi, a cire kuɗin daga asusunka. Akwai kuma wanda babu shinge sam, sai ƙarfe da aka gicciya a saman titi ɗauke da kyamarori, su karanta lambar mota tana cikin gudu, lissafi ya biyo ka daga baya. Wasu tashoshin suna haɗa iri biyu na farko, su bar layi ɗaya ko biyu na mai tsabar kuɗi. Amma ko a wannan layin akwai kyamara.

Ya iso nan arewa ne?

A watan Mayun 2020 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Tollcam, wanda Razel-Bec da Egis suka haɗu suka kafa, don gina tashoshi 14 na zamani. Bakwai na farko su ne Mbankomo, Boumnyebel, Edea, Nsimalen, Nkometou, Tiko da Mbanga. Sauran bakwai ɗin ma duk a kudu da yamma suke, irin su Bafia, Foumbot da Dschang. Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa ba su sami ko ɗaya a cikin jerin ba. A watan Fabrairun 2024 kuma gwamnati ta dakatar da tsarin haɗin gwiwar, tun kafin kamfanin ya fara karɓar kuɗi.

Wani zai ce to ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Direbanmu da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Duwala zuwa Injamena, tafiyar kusan kilomita 1,800, ta kudun yake fara bi. Maƙwabta ma sun kama hanya: Najeriya, wadda ta rushe tolget ɗinta a zamanin Obasanjo, ta dawo da karɓar kuɗi ba da tsaba ba a hanyar Abuja zuwa Kefi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi a 2025. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi.

Me ya sa gwamnati ta nace a kai?

Saboda kuɗin peyaj yana zurarewa, kuma mu direbobi da masu mota muna cikin masu huda tulun. Wa bai san "kawo dala sittin ka wuce, bar tikitin" ba? Wa bai taɓa ganin tikiti ɗaya ya yi aiki sau biyu ba? Na'ura tana ƙirga kowace mota da ta gifta, don haka da yamma dole kuɗin akwati ya yi daidai da yawan motoci. Ni kam ta wannan fuskar ina tare da na'ura. Wanda ya taɓa kwana a hanyar Mora zuwa Dabanga da karyayyen sifirin ba zai ƙi a toshe ɓarakar kuɗin gyaran hanya ba.

To me take rubutawa a kaina?

Duk lokacin da ka wuce: lambar mota, lambar baj ko kati, sunan tasha da layin da ka bi, rana da awa har da daƙiƙa, girman motar, sai hoto. A wasu wurare hoton yana kama fuskar direba da wanda ke zaune kusa da shi. Tun ranar da ka buɗe asusu kuma sun riga sun karɓi sunanka, lambar wayarka da kart griz, wato takardar rajistar motar. Idan da Orange Money ko MTN Mobile Money kake zuba kuɗi, nan ma ga wani zaren da ke ɗaure asusun da katinka na ɗan ƙasa, tunda ba a sayar da layin waya sai da shi.

Wucewa ɗaya ba komai ba ce. Wucewar wata shida ita ce magana, don a nan ake gane cewa Alhaji wane yakan fita da asuba ran kasuwa kaza, ya dawo bayan la'asar, kuma ba ya fashi.

Ni ba ɓarawo ba ne, ba na ɗaukar haramtaccen kaya. Ina ruwana da wanda ya san inda na bi?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mini, kuma yawanci masu gaskiya ne ke yin ta. Amsata ita ce, Alhaji, ba gwamnati nake fara ji maka tsoro ba.

A ƙasarmu sanin wa ya wuce, yaushe, a wace mota, abu ne da ake sayarwa. Mun rayu da zargina, wato 'yan fashi masu tare hanya, shekara da shekaru. Mun san yadda ake sace mutane don kuɗin fansa a yankin Tuboro da Mayo-Rey. Babu wanda aka taɓa tarewa a daji da ka, sai an sami wanda ya tsegunta. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan tiredar da ya sayar da shanu a Adumri ko Bogo ya kamo hanyar gida da kuɗi a jiki, abin da ke tsare shi bayan Allah shi ne ba kowa ya san lokacin tafiyarsa ba. Yau mai tsegumi sai ya zauna a bakin hanya ko a tasha, ya ɓata yini yana gadin mota ɗaya, kuma ana iya ganin sa a shaida shi. Ranar da aka tara tafiye-tafiyen kowa a kwamfuta ɗaya, ba ya bukatar zaman. Abin da yake nema kawai shi ne ma'aikaci guda mai ƙaramin albashi da mabuɗin shiga, ya ɗauko masa hoton shafi da waya. Ba wani ma'aikaci nake zargi ba, tunda tsarin bai ma zo ba. Ina cewa ne rumbu irin wannan, duk inda aka gina shi, ɓera zai zagayo.

Ban da wannan akwai sirrin kasuwa. Mai sayen albasa ko gyaɗa ba ya so abokin gasarsa ya san ƙauyen da yake saro kaya. Akwai mai zuwa asibiti a wani gari don kada a san ciwonsa a unguwa. Akwai mai neman aure da bai kai lokacin bayyanawa ba. Duk cikinsu babu mai laifi, kuma addini da kansa ya hana bin diddigin mutane; aya ta 12 ta Suratul Hujurat a fili take.

Gaskiya ɗaya da zan ƙara: wannan rajistar ita ce kuma za ta iya nuna inda aka bi da motar da aka sace maka. Shi ya sa ban ce kada a rubuta ba. Na ce a faɗa mana wa ke riƙe da littafin, wa ke buɗe shi, kuma yaushe ake yage tsohon shafi.

Baj ɗin yana bin sawuna ko'ina kamar GPS?

A'a. Baj ba ya magana da tauraron ɗan'adam, bai san inda yake ba. Sai ya zo kusa da eriya, tazarar 'yan mitoci, sannan ya amsa da lambarsa. In kana daji tsakanin Garwa da Tuboro, shiru yake.

Sai dai eriyar ba dole a peyaj kaɗai za a kafa ta ba. A birnin New York na Amurka, a 2013, aka gano cewa ana karanta baj ɗin E-ZPass na mutane a tsakiyar gari, a titunan da ba a biyan ko sisi. Hukuma ta ce cunkoso take aunawa. Wataƙila haka ne, amma ba a gaya wa masu motar ba sai da wani ya bankaɗo.

Direbobin tiransit kuwa kada su haɗa wannan da na'urar da duwan, wato kwastan, ke ɗaura wa motar kayan Cadi tun 2009. Waccan GPS ce ta gaske, tana nuna motar daga Duwala har kan iyaka, kuma kaya take gadi, ana cire ta in tafiya ta ƙare.

Ai wayar da ke aljihuna ta riga ta tona ni. Me ya rage?

Da gaskiyarka. Kamfanin waya ya san eriyar da wayarka ke kamawa dare da rana, kuma dokar 2010 kan tsaron intanet ta wajabta wa kamfanonin su adana bayanan haɗi na tsawon shekara 10. Amma waya kana iya kashe ta, ko ka bar ta a gida. Lambar mota ba ka iya cire ta. Kuma don an riga an huda maka aljihu ɗaya, ba shi ne zai sa ka miƙa na biyu ba.

Akwai dokar da ta kare mu?

Akwai. Kamaru ta yi jinkiri, amma ranar 23 ga Disamban 2024 aka sa hannu a doka mai lamba 2024/017 kan kare bayanan mutum. Ta ba ka damar tambayar duk mai riƙe da bayananka me ya rubuta a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge abin da ba a da hujjar riƙewa. Ta tanadi hukuma ta musamman mai sa ido, ta kuma ba kamfanoni da ma'aikatu wata 18 su daidaita aikinsu da ita. Cadi ta riga mu: tun 2015 take da doka mai lamba 007/PR/2015, kuma hukumar ANSICE ce ke kula da ita.

Doka a takarda daban, direban da ke Kusiri ya san ofishin da zai kai kuka daban. A nan ne aikin sandika, wato ƙungiyar direbobi da masu mota, yake, zan dawo kansa.

Jandarma ko kotu za su iya neman bayanan?

Kotu za ta iya, kusan a kowace ƙasa. In an yi kisa ko fashi, alƙali ya ba da umarni, ba mai hankalin da zai yi musu. Abin lura shi ne inda ake tsayawa. A Amurka lauyoyi sun yi ta karɓo rajistar peyaj ta hanyar kotu a shari'ar rabuwar aure, don nuna cewa miji ya ce yana wurin aiki alhali motarsa ta tsallaka wata gada a daren. Jamus ta bi wata hanya dabam: da ta fara karɓar kuɗin hanya daga manyan motoci a 2005, sai ta rubuta a doka cewa bayanan na lissafin kuɗi ne kawai, ko 'yan sanda ba a ba su. An yi ta jayayya a kai a can, musamman bayan manyan laifuka.

Ni a ganina namu ya tsaya a tsakiya: takardar alƙali a buɗe, kiran waya daga wani babba a rufe.

Wata Hajiya ta tambaya: motar tawa ce, maigida ke hawa. Zan ga inda ya je?

Hajiya, in asusun da sunanki aka buɗe kuma lambar wayarki aka sa, kowace wucewa saƙo zai shigo miki. Abin da za ki yi da saƙon kuma, wannan ya fi ƙarfin mai rubuta takardun lodi.

Tambayar tana da 'yar'uwa a tasha. Mai mota zai riƙa ganin ƙarfe nawa direbansa ya wuce kowace tasha, don haka zancen "taya ce ta fashe mini a Figil" alhali an ratse an yi lodin gefe zai yi wuya. Wannan haƙƙin mai dukiya ne. Sai dai a gaya wa direba tun ranar da aka ba shi makulli, kada a bar shi ya gano a ranar lissafi.

Na sayi mota amma kart griz ɗin har yanzu sunan tsohon mai ita ne. Da matsala?

Babba ma. Wannan ita za ta fi cizon mutane a arewa, don motoci da yawa sun canza hannu sau uku ko huɗu da takardar ciniki kawai, suna na farko na nan daram. Kyamara ba ta san direba ba, lamba ta sani, lamba kuma tana kai ta ga sunan da ke rajista. Bashin peyaj, tara, har sammaci in an yi laifi da motar, duk ƙofar mai tsohon suna za su ƙwanƙwasa. In kai ka sayar, ka matsa a sauya suna. In kai ka saya, ka sani ranar da aka yi maka cajin kuskure ba ka da bakin ƙorafi, tunda a takarda motar ba taka ba ce.

Akwai kuma masu buga lambar wani su manna a tasu motar. Ƙura da hasken rana ma kan sa kyamara ta ɗauki 8 a matsayin B. Shi ya sa hoton da nake ƙorafi a kansa yake da ranarsa: shi zai nuna cewa motar da ta wuce fara ce, taka kuwa shuɗiya.

Za su iya cin tarata kan gudu da wannan?

Lissafin mai sauƙi ne. In tsakanin tasha biyu kilomita 100 ne ka cinye shi a minti 50, ka yi gudun 120 ke nan. Na'ura za ta iya fitar da wannan. Ko za a yi tara da shi, sai doka ta ce.

In wuta ta ɗauke ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya tafi fa?

Tambayar mutanen da ke shan wutar Lagdo ke nan, waɗanda suka san yadda ake rabon ta in ruwan madatsar ya ja baya. Tashoshin zamani suna da batura da janareto, wasu da faranti mai zuƙar rana, kuma suna iya adana bayanai a wurin su tura daga baya. Inda ake samun rikici shi ne biya ta waya: an cire kuɗi, saƙo bai iso ba, shinge ya ƙi ɗagawa, na baya suna ta oda. Kada ka goge saƙon biya sai ka ga lissafin wata.

Zan iya ci gaba da biyan tsaba?

Wannan ce ƙofar da ya kamata a tsare. A farko kowace ƙasa takan bar layin tsaba, daga baya a matse shi. Indiya ta wajabta baj ɗinta mai suna FASTag a Fabrairun 2021, wanda ba shi da shi ya biya ninki biyu. Singafo kuwa, da ta fara nata a 1998, ta yi amfani da katin da kuɗin ke cikinsa, ana cirewa daga katin kai tsaye. Irin wannan katin, wanda za ka saya a kanti kamar katin waya ka zuba masa kuɗi ba tare da ba da suna ba, shi ya fi dacewa da mu: gwamnati ta sami kuɗinta cif, kai kuma ba a buɗe maka asusu ba.

Kuma kada a ɗauka jama'a ba su da ta cewa. Afirka ta Kudu ta kunna nata a manyan hanyoyin Johannesburg da Pretoria a Disamban 2013 ba tare da ta shawo kan masu mota ba. Mutane suka ƙi biya, shekara goma ana ja, a Afrilun 2024 aka kashe shi.

An turo mini saƙo wai ina da bashin peyaj, in danna wani adireshi in biya. Gaskiya ne?

Kada ka danna. A peyaj ɗinmu na hannu ba a cin bashi, balle a bi ka da saƙo. A Amurka wannan damfarar ta yi yawa har hukumar FBI ta yi gargaɗi a kanta a 2024, kuma 'yan damfarar nan gida da suka ƙware a "an turo miki kuɗi bisa kuskure" ba za su bar ta ta wuce su ba. Lambar sirrinka ta Orange Money ko MoMo, babu ma'aikacin gaske da zai tambaye ka ita.

Mu 'yan sandika me za mu nema in an kira mu zama?

Kada ku ƙare zaman a kan farashi kaɗai, ko da yake na san nan hankali zai tafi. Tun ran gini ran zane. Ku nemi a rubuta wata nawa ake riƙe hoto da rajistar wucewa bayan an biya, a kuma goge su in lokacin ya cika. Ku nemi duk ma'aikacin da ya buɗe bayanan wata mota sunansa ya zauna a na'ura, da ranar da dalilin, ta yadda in labarin tafiyar wani ya fita za a san bakin da ya fita. Wannan sharaɗin ya fi sauran muhimmanci a wurina, kuma ba ya cin kuɗi. Ku tambayi inda kwamfutar take, a Yawunde ko a ƙasar kamfanin da ya kawo na'urar. Ku tsaya a kan layin tsaba da kati marar suna, a farashi ɗaya da na baj. Sai wurin kai ƙara: a sa ofishi a Garwa da Marwa da Gaundare, mai jin Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, kada mutum ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde saboda cajin dala ɗari. 'Yan'uwanmu na Cadi da ke tsallako gadar Ngeli kullum, su ma a shigar da su zaman, don lambarsu ba ta cikin rajistar Kamaru, kuma su za a fara tsarewa a shinge in ba a tsara yadda za su biya ba.

Masu talla a peyaj fa, ina za su?

Wata mai sayar da dafaffen ƙwai ce ta yi mini wannan, ba direba ba. Cinikinta gaba ɗaya yana cikin minti ɗayan da mota ke tsayawa ana neman canji. Baj yana cinye wannan mintin. In ba a ware fili a gefen tasha inda mota za ta ratse a sayi gyaɗa, rake da ruwan sanyi ba, ita da 'ya'yanta sai su kwashi tirensu su koma inda aka yi tudun rage gudu a shigar gari.